Fari a Sama, Shuɗi a Tsakiya

Kwana arba'in da uku ke nan da kama Idirisu tela, kuma a cikinsu babu daren da barci ya kai ni asuba. Tambaya ɗaya ce take tashe ni kullum: shin ya ambaci sunana a wurin masu bincike, ko bai ambata ba? Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ban san wace amsa nake fata ba. Idan ya ambata, to duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gidan hayarmu domina ya zo. Idan kuwa bai ambata ba, to akwai mutumin da yake kwana a kan siminti yana rufa mini asiri, ni kuma ina kwance a kan katifa ina lissafin kwanaki.

Sunana Sharhabilu. Kimiyyar siyasa na karanta a jami'a, kuma bayan zaman jira na shekara biyu a gidanmu da ke Garki, na sami aikin koyarwa a wata sakandare a Dutse, na kama ɗaki ɗaya a Yalwawa. Ban zo garin da aboki ba, ban kuma yi sa'ar samu ba. A ɗakin malamai hirar ba ta wuce ƙwallo da ƙarin girma da farashin taki. Idan na kawo zancen yaƙin Sudan ko zaɓen wata ƙasa ta Turai, sai a yi mini shirun da ake yi wa mai tari a masallaci, a jira in gama. Da sannu na koyi riƙe labaraina a ciki, har sai na iso shagon Idirisu.

Shago ne ƙarami a bakin layinmu, keken ɗinki ɗaya na ƙafa, benci ɗaya, da wata rediyo da ta mutu tun kafin in san shi. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Asalinsa Bafillatanin Aujara ne, ya bar kiwo tun yana saurayi ya koyi ɗinki. Bai yi boko ba, amma shi kaɗai ne a duk Dutse yake tambayata abin da ya faru bayan wanda na faɗa jiya. Shi ya raɗa mini suna Labarun Duniya.

"Labarun Duniya! Shigo. Yau kuma wa ya kashe wa?"

"Yaya Idirisu, ba a gaisawa ne?"

"Gaisuwar me? Kai ai ba ka zuwa sai da gawa a bakinka. Zauna, amma kada ka zauna mini a kan shaddar mutane."

Haka muke yi kusan kowace la'asar. Ina magana, yana taka keke, allura a gefen bakinsa. Wani lokaci yakan tsayar da ƙafarsa ya ce, "Tsaya, wannan da ka ce an hamɓarar, ba shi ne ya hamɓarar da wancan ba?" Idan na ce shi ne, sai ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

A farkon watan Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa. An kafa dokar hana fita, garin ya yi tsit, aka rufe makarantu da kasuwa. Ni ban fita ko nan da can ba. Ina ɗaki ina kallon abin ta waya, ina ganin yadda a wasu garuruwan matasa suka fara ɗaga tutar Rasha. Na yi ta nazarin abin ni kaɗai, na tara bayanai a kaina har suka yi mini nauyi, babu wanda zan sauke wa. Ranar da aka sassauta dokar, ban tsaya ko'ina ba sai shagon.

Na tarar da tarin ƙyallaye a kan bencin da nake zama, ja da fari da shuɗi. Ya riga ya haɗa goma sha biyu.

"Wannan fa?"

"Wani yaro ne ya kawo yadin a babur. Ya ce launi uku, a kwance, a bar wurin zura sanda. Ina jin 'yan ƙwallo ne, ka san su da sabon salo."

Na ɗaga guda na ware. Ja a sama, fari a tsakiya, shuɗi a ƙasa. Nan take na gane abin da mai babur yake nufi, na kuma gane cewa Idirisu ya kuskure tsarin. Wannan ne wurin da nake komawa kullum idan barci ya ƙi. Na san abin da za a yi da su. Na san irin idon da hukuma take kallon su da shi. Kalma huɗu sun isa in ce masa ya mayar wa mai kaya da kayansa. Amma abin da ya fito daga bakina dariya ce.

"Yaya, ai wannan tutar Holand ka ɗinka."

"Holand ta atamfa?"

"Ita fa. Mai kayan nan ta Rasha yake so. Fari ne a sama, shuɗi a tsakiya, ja a ƙasa."

Ya cire allurar daga bakinsa ya dube ni. "Ka tabbata? Kada ka sa in ɓata aikin mutane."

"An riga an ɓata. Miƙo reza."

Da hannuna na farke su, ɗaya bayan ɗaya, duka goma sha biyun. Ina farkewa ina jera masa yadda za su zauna, yana mayarwa a keke. A tsawon wannan aikin bakina bai huta ba. Na ba shi tarihin tutar tun daga zamanin sarakunansu, na bi ta kan Mali da Nijar, na bayyana masa yadda manyan ƙasashe suke jan ƙanana. Sau ɗaya ya katse ni.

"To ni abin da ban gane ba, me ya haɗa Rasha da kuɗin masara?"

Na ba shi amsar da ta ɗauki kusan minti goma. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ni dai ɗinki aka kawo mini."

Na daɗe ina neman dalilin da ya hana ni gargaɗinsa, kuma wanda na samu ba mai daɗi ba ne. A duk shekarun da na yi ina tara ilimin ƙasashe, ranar ce ta farko da ya yi wani amfani da ake iya taɓawa da hannu. Na ji daɗin ganin launukan sun zauna daidai. Na koma ɗaki a ranar da sauƙin zuciya irin na wanda ya yi aikin kirki.

Bayan kwana huɗu aka zo aka tafi da shi. Ina tahowa daga masallaci na hango motar jami'an tsaro a ƙofar shagon, ana ɗora kan keken a baya, Idirisu yana tsaye da tef ɗin awo a wuyansa. Ban san ko ya gan ni ba. Na juya na shiga wani lungu kamar dama can na nufa.

Da aka koma makaranta, shugabanmu ya tara malamai ya ce duk wanda sunansa ya fito a wannan magana ya san inda zai nufa, musamman waɗanda ba a tabbatar da su a aiki ba. Mu uku ne ba a tabbatar ba. Na goge duk hotunan da ke wayata. Na canza hanyar zuwa masallaci don kada in wuce ta gaban shagon. Sannan, ba tare da na yanke shawarar yin haka ba, na daina sauraron labarai. Idan rediyon maƙwabcina ya fara kiɗan buɗe shiri, sai in rufe taga. Nakan yini in kwana ban yi magana da kowa ba in ban da ɗalibai, su ma karatu kawai.

A safiyar da ta biyo bayan dare na arba'in da uku, wata Alhamis da ba ni da darasi, aka yi sallama a ƙofar ɗakina da muryar tsohuwa. Na fito na ga wata doguwar dattijuwa, siririya, da ƙwarya a naɗe cikin zane a kanta. Ta sauke ta a hankali, ta ƙi yarda in taimaka.

"Kai ne Labarun Duniya?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ban ji wannan sunan ba tun ranar da aka rufe shagon.

"Ni ce Dada, daga Aujara. Mai keken nan ya sha ba ni labarinka. Ya ce babu ƙasar da ba ka san abin da take ciki ba."

Na gane nan take cewa mahaifiyarsa ce, kuma shi ne ɗanta na fari, shi ya sa ba za ta kama sunansa ba. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar baranda na kawo ruwa. Ta ce matarsa Ruwaida ce take raka ta gidan yari duk Alhamis, amma cikinta ya tsufa, tafiya ta gagare ta. A ƙofar kuma sai an rubuta suna a littafi, ita kuwa ba ta rubutu.

"Na ce bari in nemi abokin nasa. Ko kana da aiki?"

Da wani ne ya tambaye ni, da na sami aiki. Na ce ba ni da shi.

Ta kurɓi ruwa ta ajiye kofin. "Akwai kuma abin da nake so in tambaye ka, tunda kai ka san duniya. Ƙasar nan da aka ce dominta aka riƙe shi, mutanenta sun sami labari? Sun san yana can?"

Na ce mata abin yana da tsawo, zan yi mata bayani a hanya. A hanyar kuma na yi ta nuna mata sababbin gine-gine, tana kallon su.

A wajen gidan yarin, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya inda masu ziyara suke jira, wata mata mai baƙar jaka ta taso ta gaishe da Dada. Ita ce Barista Mashkura, lauyar da wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ba shari'ar, kyauta. Ba za ta wuce sa'ar yayata ba, maganarta a gajarce, idonta a gajiye. Da ta ji ni malamin makaranta ne, sai ta ce gara ta yi bayanin a gabana, in ya so in maimaita wa Dada a hankali.

"Su tara aka kamo a unguwar. Takwas an ba da belinsu. Shi kaɗai ya rage, kuma shi da kansa yake riƙe da kansa."

"Kamar yaya, Barista?"

"An kawo tutocin kotu. Kowacce akwai sawun allura biyu a jikinta, tsohon ɗinki da sabo. Wato an ɗinka su a wani tsari, aka farke, aka sake. Masu gabatar da ƙara suka ce akwai wanda ya tsaya a kansa ya ba shi umarni, kuma tunda yana ɓoye shi, to babban mutum ne a cikin shirin. Ni kuma ina ganin sawun nan shi ne hujjarmu, domin yana nuna bai ma san abin da yake ɗinkawa ba. Amma da alƙali ya tambaye shi wa ya gyara masa, sai ya ce babu kowa, shi ya san abinsa." Ta gyara zaman jakarta. "Mutumin da bai san inda Rasha take ba ya tsaya a kotu yana rantsuwa cewa ya san tutarta. Na yi masa magana har na gaji."

To ga amsar tambayata ta kwana arba'in da uku, an ba ni ita a tsaye a gindin bishiya, kuma babu wani sauƙi da ta zo da shi.

"Idan aka sami wanda ya gyara ɗin fa?" Na tambaya, ina ƙoƙarin sa muryata ta zama ta mai son sani kawai.

Ta dube ni, kallon ya ɗan fi tsawon da ya kamata. "Sai ya rubuta abin da ya faru, ya yi rantsuwa a kai, in shigar da ita ranar Talata da za a sake sauraron belin. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, Malam. Za su iya gayyatarsa, za su iya riƙe shi. Ban kuma ce lallai alƙali zai yarda ba. Abin da na sani shi ne idan babu ita, za a sake ɗagewa." Ta ciro ƙaramin kati ta miƙa wa Dada, amma ta gefena ta miƙo shi. "Gobe da safe ina ofishin rajista na kotu har ƙarfe goma sha ɗaya."

A ƙofa aka turo mini littafin. Suna, unguwa, sana'a, dangantaka da wanda aka zo gani. Na rubuta na Dada da kyau. Da na zo nawa, na tsaya har ma'aikacin ya ɗago kai. A gurbin dangantaka na rubuta maƙwabci.

An shigo da Idirisu wani ɗaki mai dogon teburi. An aske masa kai, wuyansa ya yi tsawo, ƙuraje sun feso a tsakanin yatsunsa. Ya durƙusa ya gaishe da mahaifiyarsa da Fillanci. Ta amsa tana kallon bango, ta zauna a karkace, ta tura ƙwaryar tsakiyar teburin kamar ba ta san wanda zai ɗauka ba. Sai a lokacin ya gan ni.

"Kai! Labarun Duniya da kansa! Ashe kana raye. Na ce ko an tura ka Majalisar Ɗinkin Duniya ne ba a gaya mini ba. Ka ga su ma ɗinki suke yi, sai ka nema mini aiki."

Na yi ƙoƙarin yin dariya, ta ƙi fitowa. Dada ta dubi inda nake ta ce, "Ɗana, a gaya wa mutumin nan cewa jar saniyar ta haihu, mace. A gaya masa kuma an fara yankan gero. Mai cikin tana lafiya."

Yana zaune kamu biyu daga inda take. Na juya na maimaita masa, ya ce a gaya mata ya gode, a kuma gaya mata yana cin abinci. Na maimaita mata. Ta gyaɗa kai, ta ja carbinta, ta koma can ƙarshen bencin don ta ba mu wuri.

Na sunkuyo na rage murya, domin akwai ma'aikaci a bakin ƙofa. "Yaya, na ga lauya. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗi me?"

"Ka san abin da nake nufi."

Ya ɗaga murfin ƙwaryar ya leƙa, ya mayar. "Shekara ashirin da biyu ina taka keke. Alhazai na yi wa ɗinki, angwaye na yi wa. Sai in tsaya a gaban alƙali, a gaban jama'a, in ce na ɗinka tutar atamfa, malamin makaranta da bai iya sa maɓalli ba ya zo ya gyara mini? Wa zai sake kawo mini yadinsa? Ka bar ni da mutuncina."

"Yaya, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ai rabi ne wasan." Ya sosa tsakanin yatsunsa. "Saurara, Sharhabilu. Kai takarda gare ka, rana ɗaya za a iya yaga ta. Ni abin da na iya yana hannuna, babu mai korata daga almakashi. Shekara nawa mahaifinka ya jira ka sami aikin nan? Zaman nan zai ƙare. Kowa a nan yana cewa zai ƙare."

"Sun tafi da keken."

"Za su dawo da shi. Babu wanda ya iya zura masa zare a cikinsu, sai an lallaɓa shi." Ya yi murmushi, sannan ya gyara zama irin yadda yake yi a shago idan zai saurara. "To bar wannan. Ba ni labari. A nan babu abin da muke ji sai wa aka kai kotu, wa aka dawo da shi. Yaƙin nan na Sudan an daina? Wancan da ya hamɓarar da wancan yana nan?"



"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ka sani ba kamar yaya?"

"Na daina ji. Tun ranar."

Murmushin ya bar fuskarsa. Duk abin da aka yi masa, ban ga ya nuna ɓacin rai ba sai a wannan lokacin. Ya dube ni ya ce a hankali, "To ni zaman me nake yi a nan, idan kai ma a rufe kake?"

Ma'aikacin ya buga ƙofa alamar lokaci ya cika. Idirisu ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Dada ba ta ɗago ba har ya fita, amma na ga carbin ya tsaya a hannunta, bai ci gaba ba sai da ƙarar takunsa ta ɓace.

Na raka ta tasha. Rana ta take, duwatsun garin suna ta hucin zafi. Muna jiran motar Aujara ta cika sai ta ce, "Ba ka ba ni amsata ba."

Na yi tunanin bayanin da zan iya yi mata, mai sassa da dalilai, irin wanda na saba. Na bar shi.

"Ba su san da shi ba, Dada. Ko sunansa ba su taɓa ji ba. Ba kuma za su ji ba."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. "Na zata haka. To wa ya san da shi?"

Ba ta jira amsa ba, ban kuma ga alamar tana zargina da komai ba. Tambaya ce kawai ta tsohuwar da take son sanin ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro katin lauyar ta ba ni, ta ce in ajiye mata tunda ni nake karatu. Ta ba ni kuma ɗan man shanu a gwangwani. "Mi yetti, ɗana, na gode. Allah ya ba ka wanda zai raka mahaifiyarka." Motar ta tashi.

Bayan la'asar na zauna na ɗauko takarda. Rubutun farko shafi uku ya ci. Na fara da yanayin tattalin arziki, na shiga 'yancin faɗar albarkacin baki, na kawo abin da tsarin mulki ya ce. Da na karanta sai na ga a duk shafi ukun babu inda na ce ni na riƙe rezar. Na yaga. Na biyun bai cika shafi ɗaya ba. Na rubuta ranar, na rubuta cewa na tarar ya ɗinka ja a sama, yana zaton kayan 'yan ƙwallo ne. Na rubuta cewa ni na gaya masa sunan ƙasar, ni na farke guda goma sha biyu da hannuna, babu wanda ya aiko ni, kuma na san abin da tutar take nufi, shi bai sani ba. Jimlar ƙarshen nan na daɗe ina kallonta. Ita ce za ta iya fitar da shi, ita ce kuma za a karanta wa shugaban makarantarmu. Na bar ta yadda take.

Bayan magariba na kira mahaifina a Garki. Na ji muryoyin masu karatu a bayansa. Ya tambaye ni aiki, na ce lafiya. Ya tambaye ni ko an tabbatar da mu, na ce tukuna. Na ce ina neman addu'a a kan wani al'amari da zan shiga gobe. Bai tambaye ni ko mene ne ba, ya ce, "Idan gaskiya ce, Allah ya sauƙaƙa." Na ce amin.

Da safe na gama duba takardun jarrabawar ɗalibaina, na ɗaure su aji-aji, na rubuta sunan malamin da za a kai wa. Na ba maƙwabcina su tare da makullin ɗakina da gwangwanin man shanun, na ce idan ban dawo zuwa Juma'a ta sauko ba ya kai takardun makaranta, man kuma ya ba iyalinsa. Ya dube ni zai yi tambaya, na yi masa sallama. Na sa kaftanin ruwan toka da Idirisu ya ɗinka mini da ƙaramar salla, na yi alwala, na fita. Wannan karon ta gaban shagon na bi. Ƙura ta taru a kan kwaɗon, wata akuya tana kwance a bakin ƙofar.

Barista Mashkura tana tsaye a barandar rajista tana duba wasu fayiloli. Ba ta nuna mamaki ba. Ta karɓi takardar ta karanta sau biyu, a na biyun gefen bakinta ya motsa.

"Tutar Holand?"

"Ita ce."

"Zai ji haushi idan aka karanta wannan a kotu."

"Zai ji."

"Ka tuna abin da na ce jiya, Malam Sharhabilu? Da zarar an buga hatimi, ba ni da ikon janye ta."

"Na tuna."

Ta kai aka buga ta a na'ura, na sake karantawa, babu abin da aka canza. Sannan ta shigar da ni wani ƙaramin ofis, inda wani dattijo mai tabarau yake zaune a bayan tarin takardu, fanka tana juyawa a hankali a kansa. Ya duba katin shaidata, ya duba fuskata, ya karanta sunana da ƙarfi yana rarrabe gaɓoɓinsa. Ya jawo aljihun teburinsa ya ɗauko Alƙur'ani a cikin jakar fata, ya riƙe shi bai miƙo ba tukuna.

"Kana da alwala?"

"Ina da ita," na ce, na miƙa hannu biyu.